Lambar Mahayi, Kintinkirin Doki

A 1948, a gasar Olamfik ta Landan, mahaya uku daga Suwidin suka ci zinare a wasan horon doki da ake kira diresaj. Aka rataya musu lambobi, aka buga taken ƙasarsu, suka tattara dawakinsu suka koma gida. Shekara ba ta zagayo ba aka ce zinaren ba nasu ba ne. Babu wanda ya zarge su da maguɗi a fili, dawakin kuma sun yi duk abin da aka nema. Matsalar tana kafaɗar mutum ɗaya, Gehnäll Persson. Dokar wancan zamani ta ce hafsan soja kaɗai ke shiga wannan gasa, shi kuwa ƙaramin soja ne mai igiya. An ɗaga shi zuwa hafsa dab da tafiya, da aka dawo aka mayar da shi inda yake. A 1949 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓe zinaren ta miƙa wa Faransa.

Na fara da wannan labari saboda abin da yake tonawa. Lambar yabo ba daga sama take faɗowa ba. Wasu mutane ne ke zama su tsara wanda ya isa a yaba masa da abin da ya isa yabo, kuma abin da suka tsara ɗin yana bin mahayi har cikin barga, inda babu alƙali babu ɗan kallo. Duk abin da alƙalai suka saka wa maki, shi masu horo za su tashi da asuba su nema a jikin doki, ta lalama ko ta tsiya. Shi ya sa idan ana maganar lambobin diresaj, tambayar da ta fi damuna ita ce: me lambar take sa a yi wa doki kafin a same ta?

Kunyar 1948 ta taimaka aka sake doka. A Helsinki, 1952, aka buɗe ƙofa ga ƙananan sojoji da farar hula da mata. Persson ya dawo, wannan karon babu mai tambayar muƙaminsa, ya ci zinaren ƙungiya tare da 'yan ƙasarsa, ya kuma maimaita a 1956. Amma wadda ta cika idon jama'a a Helsinki wata mace ce daga Denmak, Lis Hartel. Ita ce zakarar ƙasarta a 1943 da 1944. A 1944 ɗin, tana da shekara 23, tana ɗauke da juna biyu, shan-inna ta kwantar da ita. Ta haihu lafiya, ta koma koyon rarrafe, daga nan ta kai ga dogara sanduna, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunta ba su sake jin umarninta ba. Wanda ya san hawa ya san girman wannan rashi, domin da ƙwauri da dunduniya ake yi wa doki yawancin magana. Sai ta koya wa goɗiyarta, Jubilee, sauraron nauyin jikinta: ta ɗan karkata, goɗiya ta gane, ta ɗan zauna da ƙarfi, goɗiya ta tattara kanta. Sai an ɗora ta take hawa, sai an sauke ta take sauka. A haka ta ci azurfa, ta wuce hafsoshin da suka yi rayuwarsu a kan sirdi. Da lokacin rataya lambobi ya yi, wanda ya ci zinaren, Henri Saint Cyr na Suwidin, shi ya ɗauke ta ya kai ta kan dandamali. A 1956 ta sake cin azurfa a Stockholm, inda aka yi wasannin dawaki na Olamfik ɗin shekarar saboda dokar killace dabbobi ta Ostareliya.

Azurfar nan ta yi aikin da zinare da yawa ba su yi ba. Likitoci da iyaye a Turai suka fara kallon hawan doki a matsayin magani ga masu lalurar gaɓoɓi. Tun 1996 akwai diresaj a gasar Olamfik ta nakasassu, inda Lee Pearson na Birtaniya ya tara zinare 14. A babbar Olamfik kuwa maza da mata a fili ɗaya suke karawa, ma'auni ɗaya. Liselott Linsenhoff ta Jamus ce macen farko da ta ci zinaren ɗaiɗaiku, a 1972, kuma daga 1988 har zuwa Paris 2024 babu namijin da ya sake taɓa shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya ga inda makin yake fitowa, don kowace lamba daga nan ta samo tushe.

Filin yashi ne shimfiɗaɗɗe, mita 60 a tsawo, 20 a faɗi, an kewaye shi da ɗan gajeren shinge fari wanda bai kai gwiwar mutum ba. A gefe an kafa haruffa, kowane harafi alama ce ta inda za a fara wani motsi ko a gama shi. Alƙalai suna zaune a ƙananan rumfuna kewaye da filin, biyar a manyan gasa, bakwai a Olamfik, kowanne da magatakarda a gefensa don kada ya ɗauke ido daga doki. Aka kaɗa ƙararrawa, mahayi na da daƙiƙa 45 ya shigo. Zai shigo ta harafin A, ya miƙe tsakiyar fili sak, ya tsaya cak a tsakiya, ƙafafun doki huɗu a jere kamar ƙafafun tebur, ya gaida alƙalai. Daga nan filin yakan yi tsit har kana jin numfashin doki da ƙarar fatar sirdi. Ba a yarda mahayi ya yi wa doki magana da baki ba, ko tsaki ya yi za a rage masa maki. A matakin ƙoli, wanda ake kira Giran Firi, cikin mintoci shida ko kusa da haka dokin zai yi abubuwa sama da talatin. Zai yi fiyaf, wato sassarfa a wuri guda ba tare da ya ci gaba ba. Zai yi fasaj, wata taƙama mai ɗaga ƙafa da jinkirta saukewa, kamar ƙasa na da zafi. Zai juya a kan ƙafafun baya yana cikin ƙaramar sukuwa. Zai ratsa filin yana sauya ƙafar da ke jagora a kowane taku, sau 15 a jere, kuma mahayin bai kamata a ga ya motsa ba.

Kowane motsi alƙali zai faɗi lamba daga 0 zuwa 10, magatakarda ya rubuta, wani lokaci da 'yar magana a gefe: ƙafar baya ta makara, wuya ya gajarta, baki a buɗe. Shida na nufin ya gamsar, bakwai da dama, takwas ya yi kyau, goma babu abin cewa. Wasu motsi masu wuya ana ninka makinsu. A ƙarshe a haɗa a mayar da shi kashi cikin ɗari. Bayan gasa ana miƙa wa mahayi takardar, kuma na daɗe ina ganin ita ce kyauta mafi amfani a duk wasan, don ita kaɗai ke gaya masa abin da zai gyara gobe.

Sai bikin rabon kyauta. Mahayi shi ake rataya wa lamba. Doki kuwa kintinkiri ake maƙala masa a gefen kai, an naɗe shi kamar fure, wani lokaci a yafa masa bargo mai sunan gasar, sannan a buga kiɗa su zagaya fili ana tafi. Launin kintinkirin ya danganta da ƙasa: a Amurka shuɗi ne na ɗaya, ja na biyu, a Birtaniya ja ne na ɗaya, shuɗi na biyu, a Jamus ruwan zinare ne na ɗaya. Dokin bai san ɗaya daga cikinsu ba. Wasu ma tafin ke firgita su, sai ɗan barga ya riƙe musu kai. Ladan da doki ya sani shi ne a sassauta masa linzami, a shafa masa wuya, a ɗan tura masa sukari a baki.

A cikin tsare-tsaren yabo da na sani, na ƙungiyar diresaj ta Amurka, USDF, ya fi cancantar a tsaya a kansa. An kafa ƙungiyar a 1973, ofishinta yanzu yana Lexington a jihar Kentucky. Tana da lambobin mahayi uku: tagulla, azurfa, zinare. Mai son tagulla zai kawo sakamako shida, kowanne kashi 60 ko fiye: biyu a mataki na ɗaya, biyu a na biyu, biyu a na uku, kuma kowane biyun daga alƙalai daban-daban. Azurfa na buƙatar huɗu, biyu a mataki na huɗu, biyu a matakin farko na gasar ƙasa da ƙasa. Zinare ma huɗu, biyu a matakin tsakiya, biyu a Giran Firi.

Abin lura shi ne ba a ce sai ka zo na ɗaya ba. Kana iya zama na ƙarshe a ajinka ran nan, muddin takardarka ta nuna 60, an ƙirga maka. Ba a kuma sa wa'adi ba, ba a ce sai da doki ɗaya ba. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke hawa bayan an tashi aiki tana iya samun sakamako biyu bana, dokinta ya yi ɗingishi ta huta da shi shekara guda, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babu abin da ya ƙone. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan dokar da kanta ta yarda da sannun. Mutumin da ba a tsare shi da agogo ba, ba shi da dalilin hawa dokin da ke ciwo. Wanda ba ya neman kayar da kowa, ba shi da dalilin matsa wa dabba ta ba da abin da ba ta da shi. 'Yar ƙaramar lamba ce da ake maƙalawa a ƙirjin kwat, amma akwai masu shekara goma suna binta.

Lambar Dokin Shekara ta USDF kuma da wata dabara ake lissafa ta. Shekarar gasa na farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba. A ƙananan matakai sai doki ya kawo sakamako takwas aƙalla, daga alƙalai huɗu, a gasa huɗu daban-daban. Ba mafi girman makin ake ɗauka ba. Ana jera su ne daga ƙarami zuwa babba a duba na tsakiya. Da haka rana ɗaya ta sa'a ba ta ɗaga doki, alƙali ɗaya mai sakin hannu bai isa ba, haka nan rana ɗaya da iska ta kaɗa tuta doki ya firgita ba ta rusa masa shekara. Akwai kuma lambobin jinsi-jinsi, inda ƙungiyoyin masu kiwo ke auna dokin Larabawa da 'yan'uwansa, ɗan gajeren doki da 'yan'uwansa, don kada manyan dawakin Jamus da Holan da aka haifa domin wannan wasa su kwashe komai. Akwai na mahayan da suka kai 50, akwai na waɗanda suka kai 60.

Masu suka suna cewa kashi 60 ya yi sauƙi, kuma mai kuɗi na iya sayen tsohon doki da wani ya gama horarwa ya hau ya karɓi zinare. Akwai gaskiya a maganar, kuma kuɗin rajista da na shiga gasa da na jigilar doki sun isa su tsayar da mai ƙaramin ƙarfi tun daga ƙofa. Sai dai wanda ya ɗauka horarren doki mota ce da ake murɗa wa makulli bai taɓa gwada sauya ƙafa 15 a jere ba. Ga wani alheri kuma da ba a cika faɗa ba: saboda wannan tsari, doki mai shekara 18 da ya gama zamaninsa a manyan filaye yana da daraja, ana nemansa a matsayin malami, ana kashe kuɗi a kan lafiyarsa.

Jamus, wadda ta fi kowace ƙasa tara zinare a wannan wasa, tata hanyar ta fi tsauri. Hukumarsu tana garin Warendorf. Ƙananan lambobin hawa da jarrabawa ake samunsu: ka hau a gani, sannan a yi maka tambayoyi kan ciyarwa da lafiya da kula da doki, kuma sai da irin wannan lamba ake ba ka lasisin shiga gasa. Wannan ya burge ni, domin an sa sanin doki a gaban cin kofi. Lambar zinare kuwa ba a zana mata jarrabawa. A diresaj hanyar da aka fi sani ita ce ka ci na ɗaya sau goma a aji mafi wuya. Daga irin wannan makaranta Reiner Klimke ya fito da zinaren Olamfik shida, Isabell Werth kuma ta tara lambobi 14, takwas zinare, tun daga Barcelona 1992 a kan Gigolo har zuwa Paris 2024 a kan Wendy.

A Warendorf ɗin ne kuma ake gasar ƙananan dawaki kowace shekara, ga kuma ta duniya ta 'yan shekara 5 da 6 da 7. A nan zuciyata ba ta kwanta sosai ba. Dokin Giran Firi sai ya kai shekara 8 doka ta yarda ya shiga, yawanci kuma sai ya haura goma yake nuna. Amma duƙushin da ya ci kofi yana ɗan shekara biyar farashinsa kan ninka nan take, in ingarma ne masu goɗiyoyi su yi layi. Inda kuɗi irin wannan ke jira, haƙuri yakan yi ƙaranci, alhali ƙashi da jijiya ba su san ana sauri ba.

Tun da aka shigo da hawan kiɗa, inda mahayi ke tsara motsinsa da kansa a kan kiɗan da ya zaɓa, wasan ya samu 'yan kallo da ba su taɓa saninsa ba. Da shi aka fara Kofin Duniya, wanda aka yi ƙarshensa na farko a 1986, ya kuma shiga Olamfik a Atlanta 1996. Da 'yan kallo suka zo, sai aka shiga zamanin kafa tarihi. Totilas, wani ingarma akawal daga Holan, shi ya fara haura kashi 90, a Windsor a 2009, Edward Gal na kansa. A Disambar shekarar ya kai 92.3 a Landan, a 2010 ya kwashe zinare uku a gasar duniya a Kentucky. Yadda yake wurga ƙafafun gaba ya sa mutane kuka a wurin kallo, ko da yake tsofaffin malaman hawa sun yi ta tambaya ko ƙafafun baya suna biye da na gaban. Makonni kaɗan bayan Kentucky aka sayar da shi ga Paul Schockemöhle na Jamus, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai kusan Yuro miliyan 10. Da sabon mahayi bai sake zama dokin da aka sani ba. Rauni ya yi ta bin rauni, a gasar Turai ta 2015 a Aachen aka ga takunsa ba daidai ba, aka janye shi, daga nan ya yi ritaya. Ya mutu a Disambar 2020 yana da shekara 20.

Wani doki mai suna Valegro kuwa ya zo da wani salo. Shi da Charlotte Dujardin ta Birtaniya suka ci zinare a Landan 2012, suka kafa tarihin kashi 94.3 a Disambar 2014, suka sake cin zinare a Rio 2016 da 93.857. A bargar da ya tashi, ana sakin dawaki su yi kiwo a fili, ana fita kilisa da su, abin da masu dawaki masu tsada da yawa ke tsoro. Aka yi masa ritaya yana da shekara 14, lafiyarsa ƙalau, aka kuma kafa masa mutum-mutumi a garin Newent. Mutane da yawa suka ce ga shaida nan, ana iya cin komai ba tare da an cuci doki ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Yulin 2024 ya yi ciwo ƙwarai. Kwanaki kaɗan kafin a buɗe Olamfik ta Paris, wani bidiyo ya fito na Dujardin tana koyar da wata ɗaliba, tana tsaye a ƙasa tana zabga wa ƙafafun dokin doguwar bulala fiye da sau 20. A lokacin tana da lambobin Olamfik shida, saura ɗaya ta zama macen da ta fi kowace mace tara su a tarihin Birtaniya. Ta janye, ta amsa cewa ta yi kuskure, FEI ta dakatar da ita shekara guda da tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Abin da ake nema da bulalar shi ne dokin ya ƙara ɗaga ƙafa. Ɗaga ƙafar nan kuwa ita ce abin da ake biya da tara da goma a takardar alƙali.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2009 an ɗauki hoton wani doki a filin ɗumama jiki a Odense ta Denmak, an tanƙwara wuyansa har haɓa na neman taɓa ƙirji, harshensa ya zazzago ya yi shuɗi. Wannan salon horo, da ake kira rolku, ya daɗe ana gardama a kansa, kuma dalilin yaɗuwarsa a bayyane yake: masu yinsa suna cin lambobi. A 2010 FEI ta ce duk wani tanƙwara wuya da aka samu da ƙarfin tsiya haramun ne. Akwai dokar jini, wadda ta ce in alƙali ya ga sabon jini a jikin doki a cikin fili, ya kaɗa ƙararrawa a fita. A 2025 aka fito da wani ɗan ma'auni da ake zurawa ƙarƙashin ɗaurin hanci, don a tabbatar ba a ɗaure bakin doki tamau a ɓoye buɗe bakin da yake yi saboda zafi ba. Duk waɗannan gyara ne mai kyau. Sai dai littafin dokar FEI ya riga ya faɗi cewa manufar diresaj ita ce a raini doki ya zama ɗan wasa mai natsuwa da jin daɗin aikinsa. Da alƙalai suna hana takwas ga dokin da wutsiyarsa ke kaɗawa don takura, komai kyan ƙafarsa komai sunan mahayinsa, da rabin waɗannan dokoki ba a buƙace su ba. Ni a wurina alƙalamin magatakarda ya fi kowane mai sa ido ƙarfi.

Akwai abin da na so a ce yana da lamba, amma ba shi da ita. Adelinde Cornelissen ta Holan da dokinta Parzival sun ci azurfa a Landan 2012. A Rio 2016, dokin yana da shekara 19, wani ƙwaro ya cije shi a barga, kansa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Ta kwana a wurinsa. Zazzaɓin ya sauka, likitoci suka ce zai iya, ƙungiyarta na buƙatar makinta. Ta shiga fili, ta yi 'yan motsi kaɗan, ta ji dokin yana ba da duk abin da yake da shi alhali ba shi da ƙarfi. Sai ta ɗaga hannu ta gaida alƙalai ta fita. Wasu sun ce tun farko bai kamata ta shiga ba, kuma maganarsu abin dubawa ce. Amma mahayin da ya shekara huɗu yana jiran mintoci shida, ya bar su a tsakiya saboda dabbar da ba za ta iya kai ƙara ba, ya yi abin da ya fi sauya ƙafa 15 wuya.

Tun 2009 FEI na ba da kyaututtukan shekara, kuma a cikinsu akwai ta ɗan barga mafi ƙwazo. A 2017 Alan Davies ya karɓe ta, mutumin da ya yi shekaru yana kula da Valegro, yana bin sa a mota da jirgi. Ɗan barga shi ke fara shiga da asuba. Shi ke duba ko an cinye abincin dare, ya shafa ƙafafu huɗu da tafin hannu yana neman ɗumi ko kumburi, ya ɗaga kofato ya share, ya kalli kashi ya gane ko ciki lafiya. Ciwon cikin da ke kashe doki cikin dare, sau da yawa shi ke fara ganin alamarsa. Sarakunanmu da suka kafa sarautar Shamaki sun san wannan tun da daɗewa. An daɗe ana ɗaukar hoton mahayi a kan dandamali, mai riƙe da ragamar dokin yana gefe ba a ko rubuta sunansa.

Lambar da na fi ƙauna ba ta da kuɗi, ba ta da taken ƙasa. Wata gidauniyar diresaj da ke Lincoln a jihar Nebraska ta fara ta a 1996, ana kiranta Ƙungiyar Ɗari. Sharaɗin ɗaya ne: shekarun mahayi da na doki in an haɗa su kai 100, su shiga fili su yi gwaji a gaban alƙali, a kowane mataki, ko da tafiya da sassarfa ne kawai. Ba a duba yawan makin. A ce dattijuwa mai shekara 75 da doki mai 25. Ka tsaya ka yi lissafin abin da ke bayan wannan 25 ɗin. Doki ba ya kai wannan shekaru da bayan da zai ɗauki mutum da ƙafar da za ta yi sassarfa sai an shekara ashirin ana gyara masa kofato a kan kari, ana duba haƙoransa, ana hutar da shi in ya gaji, ba a ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa yana ƙarami ba. Bulala ba ta samar da wannan, kuɗi ma ba sa sayensa a mako guda. A cikin duk lambobin da na lissafa, ita kaɗai ce ba a iya samu sai dokin ya amfana.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, jerin da hawan gargajiya na Faransa ya shiga a 2011, na makarantar dawaki ta Biyana ya shiga a 2015. Namu yabon ba a takarda yake ba, a kirari yake da guɗa da jinjina, amma yana aiki irin na takardar alƙali: abin da taro ya yi wa shewa, shi samari za su koma su nema a bakin doki, kuma linzaminmu na gargajiya ba ya wasa. Don haka, mai karatu, ko a waya ka ga bidiyon diresaj, ko a ƙofar fada ka tsaya ranar hawan daushe, kafin ka duba maki ko ka ɗaga murya, dubi bakin dokin ko a rufe yake cikin natsuwa, dubi gefen cikinsa inda ƙaimi ke taɓawa, sannan ka tambayi shekarunsa.